Lambobin da Ba Ta Auna Ba

Wasiƙu huɗu suka riga ta biyar zuwa, kuma duk huɗun bakinsu ɗaya: sun gode, masu nema sun yi yawa, suna yi mata fatan alheri a wani wurin. Auta ta karance su ɗaya bayan ɗaya a wayarta, a ofishin malamai na sakandaren da take koyar da fiziks. Kowace ta zo sai ta haɗiye, ta ɗauki alli ta koma aji.

Ta biyar ɗin ta zo ranar wata Litinin da hantsi, daga jami'ar ƙasar waje da ta fi sauran wuyar shiga. Gurbi goma sha biyu ne a digiri na biyu. Mutum ɗari shida da ɗoriya suka nema, aka tace aka bar talatin, kuma Auta na cikinsu. Za a yi mata tambayoyi ta kwamfuta, ana ganin juna, Litinin ta sama da ƙarfe goma sha ɗaya na safe.

Da a nan wasiƙar ta tsaya, da an ji ihunta har bakin ƙofar makaranta. Amma akwai layuka uku a ƙasa. Kwamiti ya ce abin da ya fi jan hankalinsa shi ne awon da ta yi da hannunta a aikin shekararta ta ƙarshe, wanda malaminta ya yaba a takardar shaida. Sun karanta rahoton da ta haɗo. Ta shirya minti goma ta bayyana musu yadda ta yi awon.

Auta ta kife wayar a kan tebur.

Ba ta yi awon ba. Takardar shaidar ma ba malaminta ya rubuta ba.

Ga yadda abin yake. A sashen fiziks na jami'ar da ta gama shekara biyu da suka wuce akwai wata na'ura mai bututun ƙarfe, da wani ɗan guntun sinadari da ake kira kobal, wanda ake ajiyewa a akwatin dalma. Kobal ɗin yana fitar da wani irin haske da ido ba ya gani, amma yana ratsa katako da nama. Duk ƙwayar hasken da ta faɗa bututun sai na'urar ta yi ƙas, ta ƙirga ɗaya. Aikin ɗalibi shi ne ya riƙa jera falankin dalma tsakanin kobal da bututu, yana rubuta yadda ƙirgen ke raguwa. Sai dai na'urar ta mutu tun Auta tana firamare. Abin da ya rage shi ne wani baƙin littafi a durowar Baba, tsohon da ke kula da ɗakin gwaji, wanda ya rubuta lambobin a ciki da hannunsa tun lokacin da kayan suke sababbi. Kowace shekara ɗalibin da aka ba wannan aiki sai ya je ya gaida Baba, ya kwafi lambobin, ya ɗan taɓa su kada su yi kama da na bara, ya zana layi, ya rubuta "na auna". Malamai sun sani. Ɗalibai sun sani. Ba wanda ke kiran abin ƙarya, sai a ce ai haka ake yi. Laifin da jama'a suka taru a kansa ba ya komawa daidai, sunansa kawai yake ɓacewa.

Da lokacin neman karatu ya zo, ta je wa Farfesan da ya duba aikin nata, ta roƙi takardar shaida. Bai ɗago daga takardunsa ba. Ya ce, "Rubuto, in sa hannu." Wannan ma haka ake yi. Ta zauna ta yabi kanta da bakin wani, kuma tun da ba mai riƙe mata alƙalami, sai ta rubuta cewa a shekara ashirin na koyarwarsa bai ga ɗalibar da ta kai ta haƙuri a gaban na'ura ba.

Da aka tashi daga makaranta ta wuce gida, ta kulle ɗaki, ta ɗauko rahoton daga ƙasan akwati. Dabararta ita ce ta haddace shi. In dai bayani ne, ta iya bayani. Ta buɗe shafi na tara inda ta jera kayan aiki, ta karanta abin da ta kwafa daga jikin akwatin dalma: sunan sinadari, ƙarfinsa, da shekarar da aka yi shi. Ta juya shafi na goma sha huɗu: ba dalma a tsakani, dubu huɗu a minti ɗaya.

Sai ta koma shafi na tara. Ta sake duba shekarar.

Kobal ba ya zama yadda yake. Duk bayan shekara biyar da 'yan watanni ƙarfinsa yana raguwa rabi. Wannan abu ne da ita kanta take koya wa 'yan aji shida, har tana zana musu matakala a allo. Lokacin da ta ce ta yi awon, kobal ɗin ya shekara ashirin da ɗaya. Rabi, rabin rabi, rabin wancan, rabin wancan. Dubu huɗu ta koma dubu biyu, ta koma dubu ɗaya, ta koma ɗari biyar, ta koma ɗari biyu da hamsin. Lambar da ta rubuta lambar sabon kobal ce. Kuma da hannunta ta ba su shekarar, da ƙarfin, da nisan bututun. Duk wanda ya san aikin zai iya lissafawa a bayan ambulan kafin shayinsa ya huce.

Shekara nawa ɗalibai suna kwafar wannan littafi, ba wanda ya tsaya ya ce kobal yana tsufa, domin ba wanda ya taɓa aika rahotonsa inda ake karantawa. Ta tambayi kanta: sun yaba ne da gaske, ko sun gani ne suke so su ji ta bakinta? Ta sake karanta layuka ukun har sau shida. Ba abin da suka ƙara gaya mata. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mama ta ƙwanƙwasa ƙofa. "Auta, lafiya kika kulle kanki da rana tsaka?"

"Lafiya lau, Mama. Sun kira ni intabiyu."

Ta yi kuskuren faɗa. Kafin rana ta faɗi maƙwabta uku sun shigo yi wa Mama barka.

Washegari ta nemi izini a wurin shugaban makaranta ta tafi jami'a. Ta tarar da Farfesa a ofishinsa, fanka na kaɗa takardun da ya danne da kofi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya nuna mata kujera da baki. Ta miƙa masa wayar, ya karanta yana murmushi.

"Madalla. Kin ga amfanin takarda mai kyau."

"Ranka ya daɗe, akwai matsala. Lambobin nan ba za su yiwu ba." Ta bayyana masa lissafin.

Murmushin ya tafi. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wa ya ce ki rubuta shekarar?"

"A jikin akwatin take, ranka ya daɗe."

"Komai da ke jikin akwati sai an kwafa? To ji nan. Minti goma ne. Ki cika su da bayani, ki yi ta magana kada ki bar musu ƙofa. In sun taɓo shekarar ki ce kuskuren bugawa ne."

"In suka ce in turo hoton akwatin fa?"

"Ke kika san wannan." Ya jingina da kujera. "Abu ɗaya zan gaya miki. Takardar nan sunana ne a ƙasanta, da hatimin sashe. Bayanki akwai yara da za su nemi waje baɗi da baɗin baɗaɗa. In kika je kika buɗe baki kika ce wani abu daban, ba kanki kaɗai kika rufe wa ƙofa ba. Kin gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

"Allah ya ba da sa'a. Ja min ƙofar."

Ta fito ta ja masa ƙofar. Maimakon ta nufi bakin titi sai ta gangara ƙasa, ƙarshen baranda, inda ɗakin gwaji yake. Baba na zaune a kan doguwar kujera yana goge gilasai da tsumma. Ya tsufa fiye da yadda ta bar shi, amma ya gane ta.

"A'a, 'yata! Mai dalma ko? Kin zo mayar min da lambobina ne?"

Ta yi niyyar dariya, sai hawaye suka riga ta. Baba ya ajiye tsumma. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba.

"Shekara goma sha ɗaya ina rubuta takarda a zo a duba na'urar nan," ya ce. "Kwafin takardun na cikin waccan durowa, tare da littafin. Har na daina. Ni na auna lambobin nan, 'yata, da hannuna, ina da ƙarfina, gashina baƙi. Ranar da na auna su gaskiya ne. Ku ne kuka mayar da su ƙarya, ni kuma na riƙe muku fitila."

Ya tashi ya janye wani yadi mai ƙura. Ga na'urar nan, akwatin ƙarfe ruwan toka, da ƙaramin gilashin lambobi a gaba, da waya mai zuwa bututu. Auta ta rubuta shafi arba'in a kanta, amma ranar ce ta fara ɗora mata hannu.

"Me ya same ta, Baba?"

"Wa ya sani? Wata rana aka kunna ta yi wari ta yi shiru. Ba a sake buɗe ta ba."

Daga nan shagon Yaya ta nufa. Babban wanta ne, mai gyaran talabijin da rediyo a wani layi kusa da tashar mota. Shagon ƙarami ne, cike da gawarwakin talabijin har rufi, ga warin dalmar liƙi. Yana sunkuye a kan allon cikin wata talabijin da ƙarfen liƙi a hannu, bai ɗago ba ya ce, "Farfesar gidanmu. Yaushe jirgin?"

Ta zauna a kan wata tsohuwar sifika ta gaya masa komai. Shi ne mutum na farko a gida da ya ji.

Ya kashe ƙarfen liƙin. Ya juyo gare ta.

"Wato duk wannan digiri da muka sha rana muka je muka ɗauki hoto, kwafe ne?"

"Ba duka ba, Yaya. Wannan ɗin ne."

"Wannan ɗin kuma shi suke so." Ya sosa ƙeya. "Na'urar, wuta take ci?"

"Wuta take ci."

"To duk abin da ke cin wuta ɗan gidana ne. Tsohon zai bari in buɗe?"

Baba ya bari, da sharaɗin ba mai taɓa akwatin dalma sai shi. Ranar Alhamis da safe Yaya ya rufe shago ya ɗauko jakar kayan aikinsa. Da ya kwance bayan na'urar, busasshen ƙadangare ya fara faɗowa, sai ƙwayayen kyankyasai.

"Ga ɗalibinku na farko," in ji Yaya, ya ɗaga ƙadangaren da wutsiya. "Shi kaɗai ya shiga ciki ya ga yadda take aiki."

Baba ya yi dariya har da tari. Auta ba ta yi ba. Tana tsaye ta harɗe hannu a ƙirji. Tana tsoron na'urar ta ƙi tashi, tana kuma tsoron ta tashi.

Yaya ya bi wayoyin da mitarsa ta awon wuta, yana magana shi kaɗai. Ya nuna wasu kafasita biyu, 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, da suka kumbura kamar an hura su, da wata waya da ta ƙone ta rabu. "Wannan ne? Wannan ne ya gagari masu digiri bakwai-bakwai shekara goma sha? Auta, da kin kawo min tun kina aji ɗaya da yanzu kin zama mutum." Ɗaya daga cikin kafasitan ba ya da irinta, sai da ya koma shago ya farke wata tsohuwar talabijin ya ciro. Ranar ta ƙare ba a kunna ba. Juma'a aka kunna, gilashin ya kawo haske, amma ba ƙas ko ɗaya. Yaya ya ce watakila bututun ya mutu, in kuwa shi ne to sai haƙuri. Auta ta fita baranda ta tsuguna. Kwana uku rabonta da abincin kirki.

Asabar da hantsi Yaya ya kankare bakin wayar bututun da ya yi tsatsa, ya mayar, ya murɗa maɓallin wuta a hankali. Shiru. Ya ƙara kaɗan.

Ƙas.

Duk su ukun suka daskare. Can kuma, ƙas. Ƙas-ƙas.

"Ba a ma fito da kobal ba," Auta ta ce da raɗa.

"Wannan na iska ne da bango," in ji Baba. "Kullum akwai shi. Fara da shi. Ɗauki agogo."

Ta ƙirga minti ɗaya: goma sha tara. Wani minti: ashirin da uku. Sannan Baba ya sa su ja da baya, ya buɗe akwatin dalma da mabuɗin da ke wuyansa, ya ɗauko kobal ɗin da dogon hantsaki ya ajiye a mazauninsa, daidai nisan da ke cikin littafi. Na'urar ta kama ƙas-ƙas-ƙas kamar ruwan sama ya fara sauka a kan kwano.

Minti ɗaya ya cika. Ɗari biyu da goma.

Ta maimaita. Ɗari da casa'in da takwas. Ta maimaita. Ɗari biyu da ashirin da uku.

"Ta lalace ne?" Yaya ya tambaya. "Kowane lokaci da abin da take faɗa."

"Haka yake," in ji Auta. "Haka ya kamata ya yi." Ta san wannan a littafi, amma ba ta taɓa ganinsa ba. A rahotonta lambobin sun kwanta a kan layi sumul kamar an goge su da dutsen guga, domin ita ta gyara su. Wannan ma wani abu ne da mai ido zai gani.

Ta wuni tana jera dalma. Da falanki suka yi kauri ƙirgen ya yi ƙasa har ya kusa ɓacewa cikin na iska, dole ta riƙa jiran minti goma-goma a kan kowane. Bayanta ya ƙage. Ta cika shafi shida na wani littafin makaranta da lambobi marasa kyan gani, da gogewa, da wurin da aka ɗauke wuta ta sake daga farko.

A hanyar komawa, cikin motar haya, Yaya ya ce, "To shi ke nan, an wuce wurin. Yanzu in suka ce kin taɓa na'urar, kin taɓa. In suka ce yaya kukanta yake, kin ji. Ki ba su labarin yau, ki ɗora a kan lambobin da. Wa zai rabe?"

"Shekarar fa?"

"Ki bi ta Farfesanku, kuskuren bugawa. Auta, mutum ɗari shida. Kin ga layin nan namu? Ba wanda ya taɓa zuwa ko bakin wannan ƙofa. Kada ki je ki yi min wa'azi a gaban mutane."

Maganarsa ta shige ta, domin tana so ta shige ta. Lahadi ta wuni tana haɗa jawabin minti goma, na jiya a kan na shekara biyu, tana ɗinke bakin da kyau. Ta maimaita shi a gaban madubi har ya zauna. Amma duk sanda ta zo kan dubu huɗu sai harshenta ya yi nauyi, ta ji kamar wani na tsaye a bayanta.

Litinin ta yi intabiyun a ɗan ɗakin bayan shagon Yaya, domin a nan ne intanet ya fi ƙarfi kuma akwai batir in an ɗauke wuta. Yaya ya share teburin, ya rataya farin zani a bango don ya rufe tarkace, ya kashe rediyonsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana korar masu kawo gyara. Ta ajiye rahoton a dama, littafin makarantar a hagu, inda kyamara ba ta kaiwa.

Ƙarfe goma sha ɗaya daidai fuskoki biyu suka bayyana: wata dattijuwa mai farin gashi da tabarau a kan hanci, da wani mai gemu da bai kai ta shekaru ba. Suka gaishe ta da fara'a, suka tambayi ko tana jin su. Ta ce tana ji.

Ta fara. Ta bayyana bututun, da yadda ake ɗaga wuta a hankali har a sami inda ƙirge ke tsayawa, da yadda dalma mai kauri ke sa dole a daɗe ana jira. Dattijuwar na gyaɗa kai tana rubutu. Minti goma suka wuce ba ta ambaci lamba ko ɗaya ba.

Mai gemun ya ce ya ji daɗin bayanin. Yana da 'yan ƙananan tambayoyi. In ba kobal a kusa, nawa na'urar ke ƙirgawa?

"Wajen ashirin a minti," ta ce nan take.

Ya ce daidai, haka ake samu. To in an ajiye kobal, ba dalma a tsakani?

Ga shi nan. Tambayar ba ta da ƙaya a jikinta, kuma fuskarsa ba ta nuna komai ba. Watakila ya lissafa, watakila bai lissafa ba. Lambobi biyu ne a bakinta. Ɗaya tana shafi na goma sha huɗu, a gabansa. Ɗayar ita ta tsaya da agogo a hannu ta ji ta da kunnenta. Ta ga Yaya ta gefen ido, ya leƙo yana yi mata alama da yatsu huɗu. Ta ji in ta ce dubu huɗu, to za a yi tambaya ta gaba, da ta gaba, kuma ko an ɗauke ta, shekara biyu za ta yi tana jiran ranar da wani zai buɗe shafi na tara.

"Ɗari biyu da goma," ta ce.

Mai gemun ya duba takardar gabansa. Ya ce rahoton ya ce dubu huɗu.

"Na sani. Ba ni na auna dubu huɗun ba."

Dattijuwar ta ajiye alƙalami. Ta ce wa Auta ta yi bayani, ba sauri suke ba.

Auta ta yi bayani. Ba ta iya tsara shi ba, ya fito a hargitse: na'urar da ta mutu, baƙin littafi, lambobin da ta gyara, yayanta mai gyaran talabijin, ranar Asabar. Ta ɗago littafin makarantar ta nuna wa kyamara, amma rubutun bai fito yadda za su karanta ba. Dattijuwar ta ce ta ajiye ta karanto musu. Ta karanto. Suka shiga tambayarta a kan lambobin: me ya sa suke tsalle, nawa ya kamata su yi tsalle, yaya za ta cire na iska, minti nawa za ta jira in tana son kuskuren ya ragu rabi. Ta amsa wasu, ta kasa wasu, ɗaya kuma ta yi lissafinta a gabansu a bayan rahoton. Rabin sa'a aka ba ta, sai da suka yi minti hamsin.

A ƙarshe dattijuwar ta cire tabarau. Ta ce saura tambaya ɗaya, kuma dole ta yi ta. Takardar shaida ta ce malaminta ya gan ta a gaban na'urar. Wa ya rubuta takardar?

Auta ta tuna ofishin Farfesa, da yaran baɗi. Ta rufe ido.

"Ni na rubuta. Shi ya sa hannu."

Suka yi mata godiya. Suka ce za ta ji daga gare su. Fuskokin suka ɓace, ya rage tata ita kaɗai a gilashin, da farin zani a bayanta.

Yaya ya baro bakin ƙofa. Ya shigo ya cire zanin daga bango, ya ninke, ya kunna rediyonsa.

Kwana tara ta yi tana jira, kuma tsoron bai sake ta ba, ya dai sauya wuri. Duk ƙarar waya sai ta zabura ta duba. A rana ta shida Farfesa ya kira. Ba gaisuwa. Ya ce an rubuto masa daga waje ana tambayarsa yadda yake ba da takardun shaida, kuma an aika kwafi ga shugaban sashe. Ya ce kada ta sake taka ofishinsa, kada ta sake sa sunansa a wata takarda har abada. Ta ce, "Ranka ya daɗe," ya kashe. Ta kira Baba tana tsoron abin ya shafe shi. Ya ce an zo an karɓi baƙin littafin an kulle a ofis, an kuma yi masa faɗa a kan shigo da bare ɗakin gwaji. "Wata takwas ya rage min in ajiye aiki, 'yata. Faɗa ba ya fasa ƙashi. Na'ura dai tana ƙas, kuma yaron bana sai ya zauna ya ƙirga, yana ta zagin ki."

Wasiƙar ta zo ranar Laraba bayan an tashi daga makaranta, tana shagon Yaya. Ta karanta a tsaye. Kwamiti ba zai iya duba takardun da aka tabbatar ba na gaskiya ba ne. An rufe fayil ɗinta na bana. A ƙasa dattijuwar ta ƙara layi biyu da sunanta: ƙa'ida ba ta hana ta sake nema ba, da sabon rahoto da shaidar wanda ya rubuta da kansa, kuma abin da ta yi ranar Asabar awo ne, ta je ta ƙarasa shi.

Ta karanta wa Yaya a fili. Ya jefar da sukudireba a kan tebur.

"Awo ne. To a ci awo! Gurbin fa?"

"Ya tafi."

"Da kin ce dubu huɗu da yanzu muna neman jakar tafiya."

"Watakila. Watakila kuma da sun kama ni a tambaya ta gaba."

"Watakila! Kin sayar da tabbas kin sayi watakila."

"Ba tabbas a ciki, Yaya. Kai ma ka sani."

Ya yi tsaki, ya ɗauki sukudireban, ya sake ajiyewa. Gurbin ya tafi ga wani cikin talatin ɗin nan, kuma ba wanda ya zalunce ta. Ta rasa shi ne tun ranar da ta zauna da baƙin littafi ta rubuta "na auna", sanarwar ce kawai ta yi shekara biyu a hanya. Ba ta da malamin da zai tsaya mata baɗi, kuma ba ta san inda za ta samo shi ba.

Ta sa wayar a jaka. Ta lura yunwa take ji, irin wadda ta kwana biyu ba ta ji ba.

"Rufe shagon mu je gida," ta ce. "Mama ba ta sani ba."

"Ni ba zan faɗa mata ba. Ke kika jawo."

"Ni zan faɗa."

"Ki ce mata dai mutane sun yi yawa. Ta san wannan, sau huɗu tana ji."

"A'a. Yadda aka yi zan gaya mata."

Yaya ya dube ta, ya girgiza kai, ya jawo ƙofar shagon.